Neman Aure da Tikitin Komawa a Aljihu

Salamu alaikum 'yan uwa masu bibiya, har da ku sababbi da aka turo wa shafin nan don ku zo ku ga dattijon da soyayya ta kama a makare. Ku shigo, akwai wuri. Sunana Badaru, malamin firamare ne ni a Bodinga, shekarata arba'in da takwas, furfura ta gama da gemu ta fara hawa sama. Matata Habiba ta rasu shekara shida ke nan. Wadda nake nema yanzu Fiddausi ce, ma'aikaciyar jinya a Shagari, bazawara mai 'ya'ya biyu, mai haƙurin da na kusa cinye shi tas.

Wani a cikinku ya tambaya ko mutum zai iya tashi daga Sakkwato da safe, ya je Abuja ya yi abin da ya kai shi, ya dawo ya kwana a ɗakinsa. To, na gwada. Ga yadda aka yi.

Ranar Litinin bayan la'asar na je Shagari kamar yadda na saba shekara biyu cur. In jingine babur a gindin dogonyaro, a shimfiɗa mini tabarma a zaure, ta fito, mu yi hirar tsadar taki da zazzaɓin yara, in tashi in tafi ban faɗi abin da ya kawo ni ba. Amma wannan karon ta fito da atamfa ruwan ganye da mayafi fari, ba ta kawo ruwa ba, ba ta kuma zauna ba.

"Malam Badaru, ranar Alhamis da hantsi mutanen Alhaji Arzika na Dandin Mahe za su zaka wurin Yaya Maniru."

"Gaisuwa?"

"Awo, gaisuwa. Da huhun goro."

Yaya Maniru shi ne babban wanta, shi ke riƙe da gidan tun rasuwar mahaifinsu.

Ta ce, "Ba wanda ka tilasta ni, kar ka ce an yi man dole. Ni ce na gaji. Inna kullum tagumi, Yaya kullum tambaya, ni kullum in ce akwai wani. Wa ne? Mai babur. Mi yac ce? Ya ce taki ya yi tsada."

Jama'a, ban yi dariya ba, don gaskiya ta faɗa. Na ce mata to ga ni, yau na yi magana. Ta ce maganar ta wuce zauren nan. Tun Sallar da ta wuce Baffanta Abdulganiyyu, ƙanen mahaifinta kuma waliyyinta, ya wakilta Maniru ya karɓi duk mutumin kirkin da ya fito. Maniru ya ba mutanen Alhaji Arzika rana, ba zai kuma fasa ba sai in wanda ya wakilta shi ne ya ce ya dakata. Shi kuwa Baffa yana Abuja, tsohon ma'aikacin gwamnati ne da ya yi ritaya ya zauna can, kuma ba ya maganar aure a waya. Ya ce aure ba cinikin albasa ba ne. Dattijo zai zo da mai nema, Baffa ya ga idon mai neman, ya ba dattijon saƙo da baki, dattijon ya kai Shagari da baki.

"In har safiyar Alhamis ta yi ba saƙon Baffa, ba ni kunyata Yaya gaban baƙi," in ji ta. Ta juya ta shige gida.

Mota wuni guda ce zuwa, wuni guda dawowa, ga hanyar da kowa ya san halinta. Talata kuma sai na je ruga na lallaso Baba Manu, ƙanen mahaifina, wanda shi kaɗai ya rage mini a manya. Laraba ce kawai a hannuna. Kafin in isa Bodinga saƙonta ya shigo:

"Na kama muku kujera biyu. Tashi 9:30, dawowa 5:00. Ana rufe karɓar fasinja 4:15. Ku baro gidan Baffa 3:15 ko da wuta ake yi. Kar ka kalli agogo gabanshi."

Wato matar da ta ce ta gaji da ni ita ta saya mini tikiti. Wannan kaɗai ya kamata ya kwantar mini da hankali, amma bai kwantar ba, saboda akwai abin da ban gaya muku ba. Gonar albasata tana hanyar Dingyaɗi, jirage ta kanta suke wucewa in za su sauka. Shekara talatin ina ɗaga kai in ce Allah ya sauke ku lafiya, in ƙara da godiya a zuci cewa ba ni a ciki. Ni ko tsani ba na hawa, haya nake ɗauka in rufin ɗaki ya yoyo.

Laraba na sa shaddata ruwan sararin samaniya, wadda aka buga aka sa mata sitati har tana tsayuwa da kanta, da hula zanna, da turaren da Fiddausi ta taɓa cewa bai da laifi. Baba Manu ya fito da farar riga 'yar shara da rawani da sandarsa. Shekararsa ta haura saba'in da biyar, ya je Makka sau ɗaya, don haka a wurinsa jirgi abokin wasa ne.

Tara da rabi ta yi ba jirgi. A nan na koyi abu na farko: jirgi ba ya kwana a Sakkwato. Daga can yake tasowa ya zo ya ɗauke mu, in ya makara a can mu ma mun makara a nan. Sai goma da minti arba'in muka tashi. Sa'a guda da 'yan mintuna sun tafi daga cikin rabona ban ko ga Abuja ba.

Ba zan ɓoye muku ba. Da ya fara gudu na rufe ido, da ya ɗaga kai sama sai na ji cikina ya zauna a ƙasa ya ce in gaida mutanen Abuja. Na karanta duk abin da na haddace tun ina makarantar allo, har da addu'ar shiga kasuwa. Can tsakiyar tafiya jirgin ya faɗa wani rami da ba a gani, ya yi girgiza kamar motar albasa a hanyar ƙauye, na damƙe abin da na ɗauka hannun kujera ne.

"Sakan man gwiwa, Badaru," in ji Baba Manu, yana tauna goro. "In dai hwaɗuwa za mu yi, gwiwata ba ta tsai da shi."

"Baba, ka ji abin da nij ji?"

"Iska na. Kai da ka koya ma yara ilimin sama da ƙasa."

Wata ma'aikaciya ta miƙo mini ruwa da ɗan burodi, ta tambaya ko lafiya. Na ce lafiya lau, alhali zufa ta riga ta mayar da sitatin shaddata kunu.

Sha biyu saura muka sauka. Abu na biyu da na koya: filin jirgin Abuja ba a Abuja yake ba. Mun ɗauki tasi, muka yi ta tafiya kamar za mu wani gari, duwatsu, gadoji, cunkoso. A cikin motar Baba Manu ya kafa mini doka.

"In munka shiga, ƙasa za ka zamna. Ba ka magana sai an tambaye ka. Ba ka cin abinci gabanshi. Kuma in ka kuskura ka hwaɗi zancen tikitin ga na komawa, ni da kai mun raba hanya."

"Baba, ai gara shi sani, don shi hanzarta."

"Shi hanzarta? Ka zo neman ɗiyar mutum kana hanzarta shi? Ce mai za ka yi, ranka shi daɗe, ba ni ita maza in wuce, direba na jira? Wanda yaz zo neman aure ba ya da wata tahiya gaba."

Ɗaya da minti goma muka isa gidan a Kubwa. Falo ne mai sanyi, kujeru ruwan ƙasa an lulluɓe hannuwansu da farin saƙa, darduma mai laushi, teburin gilashi a tsakiya, kabad cike da littattafai. Baffa Abdulganiyyu dogo ne siriri, da tabarau da farin gemu gyararre, yana magana a hankali kamar kowace kalma sai ya sa mata hannu kafin ta fita. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa bai dube ni ba. Na zauna a ƙasa kusa da ƙofa.

Akwai agogon bango a falon. Kun san inda aka rataye shi? Daidai saman kan Baffa. In kalli agogo, sai na ɗaga ido na kalli surukin da nake fata. Allah ya taimake ni, inuwar agogon tana faɗowa a gilashin tebur, a juye, sai na sunkuyar da kai ina karanta lokaci daga baya. Duk wanda ya gan ni zai ce kunya ce ta kama ni haka.

Aka fara gaisuwa. Ku mutanen wasu garuruwa ba za ku gane ba. Mutumin Sakkwato da ya daɗe a waje ya fi na gida riƙon gaisuwa, kamar yana tara ta ne yana jiran wanda zai sauke wa. Lahiya, gida, iyali, gajiya, ruwa, dabbobi. Sannan Baffa ya bi Shagari gida gida yana tambaya. Sai aka gano shi da Baba Manu sun taɓa shayar da shanu a tafki ɗaya suna yara. Shi ke nan.

"Ashe kai ne ɗan Ardo mai jan bijimin nan?"

"Ni na, ranka shi daɗe. Wanda yak kori mai unguwa har bisa icce."

Suka yi dariya. Suka shiga lissafin waɗanda suka mutu, kowane da addu'arsa. Waya tana ta zuu, zuu a aljihuna, na san Fiddausi ce, ba halin in taɓa. Inuwar agogo ta ce biyu saura kwata.

Aka kira azahar, muka tafi masallacin unguwa a ƙafa, tafiyar dattawa. A wurin alwala na leƙa wayar.

"Kun iso?"

"Ya amsa gaisuwarka?"

"Malam, ka yi magana mana, na kasa samun jijiyar mara lafiya."

Na rubuta mata, "Muna kan jan bijimi." Ta turo alamar tambaya uku. Ban samu damar bayani ba.

Da muka dawo an jera kwanuka: tuwon shinkafa, miyar kuka da man shanu, farfesun kayan ciki, fura a ƙwarya. Dattawa suka zauna suka ci a natse. Ni aka kai mini nawa baranda, na zauna ina kallonsa yana kallona. Biyu da minti arba'in. Har yanzu ba wanda ya ambaci sunan Fiddausi.

Da aka kwashe kwanuka aka kira ni ciki, Baffa ya goge hannu ya ce, "To Malam Manu, yaushe kuka komawa?"

Ga ƙofa an buɗe. Na saci kallon Baba Manu ina roƙonsa da ido.

"Sai sadda kas sallame mu, ranka shi daɗe," in ji shi.

"Madalla. Akwai ɗakin baƙi."

Wallahi na ji sanyin falon ya shiga ƙashina. Tsoron da na ji a jirgi wasa ne a kan wannan. A can in an faɗo an gama. A nan kuwa ina zaune lafiyata ƙalau, ina ganin safiyar Alhamis tana tahowa, ina ganin motar Dandin Mahe tana tsayawa a gindin dogonyaron da nake jingine babur, kuma abin da zai hana hakan kalma uku ce, jirgi na jira, da aka hana ni faɗa.

Sai uku daidai Baba Manu ya gyara rawani ya faɗi abin da ya kawo mu, da dogon salati da ambaton zumunci. Baffa ya saurara har ƙarshe. Sannan ya cire tabarau, karo na farko ya juyo ya dube ni.

"Kai ne mai babur?"

Ashe sunan ya iso Abuja. "Ni na, ranka shi daɗe."

"An ce man shekara biyu kana zuwa gidanmu. Tabarma biyu ka kashe. Mi ya hana ka magana sai yau da wani yat taso?"

Na shirya amsoshi tun daga Bodinga. Hidimar makaranta, gyaran gida, jiran amfanin gona. Na buɗe baki, ko ɗaya ba ta fito ba.

"Tsoro, ranka shi daɗe."

"Tsoron mi? Tsoronmu?"

"A'a. Na aje mace guda cikin ƙasa da hannuna. Shekara goma sha tara muna tare. Tun rannan duk abin da nij ji ina so, sai in ga ranar da za a ce in zo in sa hannu a ɗauki makara. Sai in ga in ban ce ina so ba, ba a karɓe man. Shi ne nika zuwa in zamna in yi zancen taki."

Ban taɓa faɗa wa kowa wannan ba, ko ita Fiddausi, ga shi na zube shi a dardumar mutumin da ban taɓa gani ba.

"Yanzu tsoron ya tahi?"

"Bai tahi ba, ranka shi daɗe. Da shi niz zo."

Fuskar nan ba ta nuna eh, ba ta nuna a'a. Ya mayar da tabarau, ya miƙe, ya ce wa Baba Manu, "Taho mu shiga ciki." Suka bar ni da inuwar agogo. Uku da kwata ta zo ta wuce ina kallonta. Uku da rabi. Saƙo ya shigo: "Kun fito?" Na rubuta "Eh", na goge. Na rubuta "A'a", na goge. Na mayar da wayar aljihu.

Huɗu saura minti ashirin suka fito. Baffa ya ce tunda saƙo ne na gaggawa ba zai riƙe mu ba. Aka yi addu'a, aka yi rakiya har bakin titi, a hankali, ana ƙarasa zancen wani tafki da ya ƙafe. Muna shiga tasi na kama hannun direba na ce, "Ɗan uwa, don girman Allah." Ya gane.

Na juya wurin Baba Manu. "Baba, mi yac ce?"

"Ya ba ni saƙo."

"Na sani. Eh ko a'a?"

"Saƙon Maniru na. Kai Maniru ne?"

"Baba, ni ne mai auren!"

"Shi ya sa. Amana ba a buɗe ta bisa hanya."

Na yi magiya, na haɗa shi da zumunci, na ambaci mahaifina. Ya ɓare goro ya kalli taga. Ga cunkoso a hanyar filin jirgi, motoci sun tsaya kamar an dasa su. Biyar saura minti ashirin muka shiga da gudu, ni da gudu ke nan, shi da sandarsa.

Matar da ke kan teburin ta duba takardunmu ta girgiza kai. An rufe tun ɗazu, kujerunmu an ba waɗanda ke jira. Jirgin dai yana ƙasa, shi ma ya makara. Na yi mata Turancin da nake koya wa 'yan aji shida, ya ƙare, na koma Hausa, ita ma ta ƙare, na tsaya kawai ina kallonta da jiƙaƙƙiyar shadda. Ta danna na'urarta, ta yi waya, ta ɗago.

"Mutum ɗaya bai zo ba. Kujera ɗaya ce. Wa zai tafi? Yanzu."

Wani jirgin sai gobe da rana, bayan an gama shan goro a Shagari.

Ba wani dogon tunani a nan, jama'a. Ni ko na isa Shagari ba ni da abin faɗa. Aurena yana cikin bakin tsohon da ke tsaye a bayana yana gyara rawani. Na tura takardarsa.

Na raka shi har inda aka tare ni. Na ce, "Baba, mai motar da ya kawo mu da sahe zai jira ka, shi wuce da kai Shagari kai tsaye. Don Allah kar ka biya ruga." Sannan na ƙara da cewa, "Baba, ko da ido ne. In a'a ce, in sani tun nan."

Ya dube ni sosai, ya ce, "Ka samu abinci ka ci. Tun sahe ba ka ci komi ba." Ya juya ya shige.

Na tsaya a jikin gilashi na ga farin rawani yana hawa matakala a hankali, mataki ɗaya, hutu ɗaya. Na ga an rufe ƙofa. Na ga jirgin ya ɗaga, ya ƙanƙance, ya ɓace. Ban taɓa jin tsoron faɗuwar jirgi kamar na wannan da ba na ciki ba.

To mai tambaya, ga amsarka. Ana zuwa Abuja a dawo a wuni guda, in wanda za ka gani takarda zai sa wa hannu. In mutum ne mai gaisuwa, ka tafi da kayan kwana. Mu biyu muka je, ɗaya ya dawo.

Na yi la'asar a makare, na yi magariba a masallacin filin jirgin, na zauna a kan benci da waya a tafin hannu. Bakwai da rabi ta rubuto, "Ya iso. Suna zaure da Yaya." Daga nan shiru. Aka kira isha'i, na yi sallar da ban san me na karanta a cikinta ba. Ina sallamewa wayar ta yi zuu.

"Sun fito. Yaya ya aika Dandin Mahe a ce su dakata, kar su zo gobe."

Nan take na rubuta, "Wato ya ba ni?"

Ta daɗe tana rubutu tana gogewa, ina kallon alamar tana fitowa tana ɓacewa.

"Dakata yac ce, bai ce su fasa ba. Baba Manu ya ce rabin saƙon ne ya sauke. Sauran rabin sharaɗi ne, naka ne kai kaɗai, kuma Baffa ya ce sai a gabana za a faɗa ma. Inna ta sa an wanke tabarma. Malam, ka hau jirgin nan gobe ko da a sume ne."